Baba Kotoku Ya Bar Mashigin Funauki

Da hantsin Talata, 9 ga Yuli, matarka Mama Fumie ta leƙo daga jirgin ruwanku ta kira sunana sau ɗaya. Daga muryarta na gane. Na tarar da kai zaune a jikin sitiyari, ƙyallen jirgi mai kama iska da kake ɗinkewa a cinyarka, rai ya yi halinsa. Shekarunka saba'in da huɗu, ashirin daga ciki a kan ruwa.

Baba Kotoku, jirage biyar ne muka jefa anka, ƙarfen tsayar da jirgi, a wannan mashigin teku, kuma babu wanda bai ci arzikinka ba. Kullum da safe sai ka tuƙo kwalekwalenka, ka ƙwanƙwasa jikin jirginmu, ka ce, "Chiyo, kun mutu ne ko lalaci ne?" Kai ka koya mini tarar ruwan sama da tamfol. Da aka yi sati shida ba ruwa, jarka biyu ka kawo mana. Sai daga baya na ji cewa da ruwan teku kuke wanka.

Ba zan manta azahar ɗin da iska ta taso ba. Mijina Seiei ya tafi ƙauye cefane, ni kaɗai ce a jirgi. Ankarmu ta saki, jirgin ya nufi duwatsun murjani da duk abin da muka mallaka. Injin ya ƙi tashi, na tsaya ina ihu. Sai ga ka cikin taguwar ruwa, da ankarka ta ajiya a kwalekwale. Ka jefa ta, ka miƙo mini igiya, muka ja har tafin hannunka ya tsage. Da jirgin ya tsaya na fashe da kuka, ka ce, "'Yar nan, kukan ya jira. Ɗora shayi."

'Ya'yanka Morio da Yasuko sun zo daga birnin Naha don su tafi da Mama. Ta ce ba za ta kwana a ɗakin da ba ya motsi ba. Mun yi musu alkawari: mu za mu ɗebo mata ruwa, mu duba igiyoyin jirginta, mu kankare gindin jirgin. Da kyar suka yarda.

Ubangiji ya ji ƙanka, ya yafe maka, ya ba ka hutu. Mama Fumie, Morio da Yasuko, Allah ya ba ku haƙuri. Tare muka yi wannan rashi.