Furannin Ernest

Duk wanda ya bi ta bakin Kasuwar Sabon Gari da safe a shekarun nan na hamsin ya san Biriskila mai ƙosai. Mutuniyar Wusasa ce, mai saurin hannu da saurin fushi, kuma tun da aka haife ta ba ta taɓa shuka ko albasa ba. Mijinta Ernest ne mai hannun shuka. Yana kula da lambun wani Bature a Nasarawa, daga can ya samo tsiron wani fure wai shi gazaniya, ya dasa cikin tsofaffin garewani a tsakar gidansu. Allah bai ba su haihuwa ba, sai ya ɗora son duniya a kan tsiron nan.

A 1956, tun ba su yi fure ba, tari ya kwantar da shi a asibiti. Bai ce ta kula da kanta ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Furannin nan, Biriskila."

Ita kuwa tana fita kafin rana ta fito, ba ta dawowa sai magariba. Da furannin suka tsiro, kullum ta duba sai ta gan su a dunƙule. Ta kai kukanta wurin Inna Gumsu ta Fagge, mai sayar mata da wake.

"Rana ce ta dake su, 'yar nan," in ji Inna Gumsu. "Yi musu rumfa, ki ba su ruwa."

Ta kafa musu zana, ta yi ta tuttula musu ruwa. Ko ranar Lahadi da take wuni a gida ba su buɗe ba. In ta je dubiya Ernest ya tambaya, sai ta ce suna lafiya, ta kau da kai. Tsoro take ji ƙwarai, don a zuciyarta ta riga ta ɗaure ransa da nasu.

Ana nan likita ya ce za a sallame shi ranar Asabar. Ran Alhamis man gyaɗa ya ƙare mata, ta koma gida da rana tsaka tana mita. Ta tarar guguwa ta yaye zanar ta yar a kan katanga. Ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai ta gan su: ruwan ɗorawa da ja, a buɗe tas, sun fuskanci rana. Ashe ranar da take ɓoye musu ita suke nema, in ta faɗi su rufe. Ta zauna a ƙasa tana dariya, hawaye na zuba, ƙosan ranar kuwa bai soyu ba.

Ran Asabar nas ta ce sallama sai da yamma, in rana ta yi sanyi. Biriskila ta naɗe tabarmar mijinta, ta miƙa masa hularsa.

"A'a, 'yar'uwa," ta ce. "Da azahar zan kai shi gida."