Haɗin Baba da hantar cikin kwamfuta

Tun jiya hankalina ya ƙi kwanciya.

Baba ya zo gidana a Dutse daga Buji, ya tarar da ƙanwata Rabi tana aikin makaranta. Aikin a kan wata hanta ce da aka ƙirƙira a kwamfuta, ka rubuta mata sunan magani da yawansa, ta nuna irin illar da zai yi wa hantar mutum.

Baba ya ce a gwada nasa. Ya zaro ƙullin leda daga aljihu, haɗin ciwon jiki da mai kemis ke ba shi. Safe da yamma yake sha tun farkon damina.

"Baba, mene ne sunayensu?" in ji Rabi.

"Suna kuma? Fari biyu, ja ɗaya, ruwan ɗorawa ɗaya. Ai haɗi ne."

Fararen kaɗai ta gane, farasitamol ne. Ta shigar, hantar ba ta nuna matsala ba.

"To kun gani, lafiya lau," in ji Baba.

"Baba, rabi fa na saka. Sauran biyun ban san su ba, kwamfutar ma ba ta san kala ba."

Ya kora su da ruwa a gabanmu. Ni kuwa idonsa nake kallo. Farin idon ya fara komawa ruwan ɗorawa, kalar ƙwayar nan ta ƙarshe.

Na roƙe shi mu je gwajin jini, ya ce sai ya yanke gero.

Don Allah, wanda ya taɓa shawo kan mahaifinsa ya je asibiti da ƙafarsa, da wace magana ya fara?