Daga Tsafe Zuwa Bungudu Neman Muryar Lami

Tsafe

Ana kiran assalatu na fito daga gida, wata Asabar cikin kakar 1998, rikodata a rataye, sabon kaset da batura a aljihu. A masallacin tasha na yi sallah.

Dalilin tafiyar kuwa Zainabu ce, yarinyar da nake nema. Na daɗe ina kai mata kaset-kaset na waƙoƙin Indiya da na fi so, ina zana fure a bayansu kamar yadda samarin littattafan soyayya ke yi. Takan karɓa da godiya, ta dawo min da su bayan mako. Wata rana da yamma a zauren gidansu ta ce muryoyin nan duk masu daɗi ne, amma wadda take marmarin ji guda ɗaya ce, ta mahaifiyarta Lami, da ta rasu tun ita tana goye. Ko hotonta babu. Abin da aka gaya mata kawai shi ne, kafin Lami ta yi aure tana cikin 'yan amshin wata zabiya ta Wonaka, har an taɓa buga su a faifai sau ɗaya. Ban san lokacin da bakina ya ce zan kawo mata ba.

Bas ɗin Gusau ba ta tashi ba sai da gari ya waye, don direba ya tafi neman mai a wurin 'yan bumburutu. Na zauna a kan buhun gero, ina kallon karan dawa na wucewa, ina tsara yadda za ta dube ni in na dawo. A shingen da ke kusa da dutsen Kwatarkwashi wani soja ya karɓi rikodata ya danna. Waƙar Indiya ta tashi. Ya saurara har direba ya fara tsaki, sannan ya miƙo min ya ce ɗaya gefen kaset ɗin ya fi daɗi, in daina ɓata batir a wannan.

Gusau

Da hantsi muka shiga. Wani ɗan kabu-kabu ya kai ni a babur shagon Sani mai kaset a bakin kasuwa, inda masu son kiɗa ke da benci biyu a ƙarƙashin rumfa. Na tarar da su cikin musu. Wani tela na rantsuwa cewa wanda bai ji kaset ɗin kukumar da ke aljihunsa ba bai san kaɗaici ba, wani kuma na ce masa wannan kukan akuya ne, ya zo ya ji kiɗan noma na gaske. Kowa da nasa kaset a hannu, kowa na jiran Sani ya cire na wani ya sa nasa. In kaset ya zazzago, biro uku ke fitowa a tare don naɗe shi.

Da na faɗi abin da ya kawo ni, Sani ya ce shi bai taɓa ganin faifan ba, amma ya nuna min wani dattijo a ƙarshen benci, Mista Bitrus, tsohon ma'aikacin gidan waya da ya tara faya-fayi cike da kabad. Mista Bitrus ya tambaye ni ko yarinyar ta san na taho. Na ce ta sani.

"To ka ɗaure kanka, ɗana," in ji shi. "In faifan nan ya rage a ƙasar nan, yana wurin Alhaji Maiwada a Bungudu. Amma kada ka yi masa zancen saye, kada ka je hannu biyu, kuma kada ka nuna kana sauri. Sai ka ji abin da yake so kafin ya ba ka abin da kake so."

Ya zaro wani kaset na tsohon kiɗan garaya ya ce in kai masa, in ce daga Bitrus, in kuma gaya masa har yanzu kunnensa na katako ne. 'Yan benci suka cika min jaka da nasu zaɓin, kowa na cewa in fara da nasa. Na kwana a Tudun Wada gidan ɗan kawuna, bayan tuwon dawa da miyar kuka. Barcin dai ragagge ne.

Bungudu

Da safe na sha koko da ƙosai a tasha, na shiga wata tsohuwar fijo da ƙofarta ke ɗaure da igiya. Tafiyar gajera ce. Mai shayin bakin hanya ya kwatanta min gidan tun ban gama faɗin sunan ba.

Alhaji Maiwada tsohon direba ne, dogo, mai farin gemu. Ya karɓi saƙon Mista Bitrus ya yi dariya, ya ce a gaya wa wannan mutumin shi ne bai san goge daga ƙarar ƙofa ba. Sannan ya jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Kowane faifai a naɗe yake cikin ƙyallen atamfa, don rana ko zafin ɗaki na lanƙwasa su. Ya goge garmahonsa, ya sa kiɗan farauta, ya sa na 'yan dambe, ya sa wata waƙar bege da ya ce ita ta raka shi hanyar Legas shekara da shekaru. Da fari ƙafata na ta motsi don ƙaguwa. Can sai na ga na manta da ita, har na roƙi sunan wani mai molo da ya sa. Aka kawo fura muka sha, muka yi azahar.

Bayan sallah ya dube ni ya ce, "To, mi ya kawo ka?"

Na gaya masa. Da na ambaci Lami sai ya tambaya ko ta bar ɗiya. Na ce ta bari, ita ce ma ta aiko ni. Ya sa hannu can ƙasan akwatin ya fito da wani ƙaramin faifai. Ya ce shi ya ɗauki zabiyar da 'yan amshinta a motarsa zuwa wurin bugawa, kuma tun daga Gusau har suka isa Lami ke ba shi goro don kada ya yi gyangyaɗi. Bai ƙara komai a kan wannan ba.

Ya gargaɗe ni cewa sau ɗaya zai sa, don allurar garmahon ta fara cinyewa kuma ita ce ta ƙarshe, an daina kawo irinta. Garmahon ba shi da wayar da za a haɗa, sai dai a ajiye rikoda a bakinsa ta ɗauka, ita da duk abin da ya yi motsi a ɗakin. Don haka ya leƙa cikin gida ya ce a dakata da daka, aka kore kaji, aka rufe taga. Ya ɗaga min yatsa, ya ce ko tari kada in yi. Na danna.

Ƙwarya ta fara, zabiya ta ɗauka, mata suka amsa a tare. Ni kuwa zuciyata na cewa Zainabu ce zaune a gefena. A tsakiyar waƙa wata siririyar murya ta ɗan haura sauran, sai na ji Alhaji ya yi magana, shi da ya hana kaji. Maganarsa ta hau kan baitin gaba ɗaya. Na dube shi, idonsa a rufe. Da faifai ya ƙare ya naɗe shi ya mayar, bai ma san ya yi magana ba. Ni kuma ba ni da bakin da zan ce wa dattijo ya ɓata min aiki.

Komawa

A fijo na ɓalle kunnen kaset ɗin don kada wani ya ɗauki abu a kai. Daga Gusau na samu bas ta yamma, na zauna jikin taga raina a jagule, ina shirya haƙurin da zan ba ta. Ana la'asar sakaliya muka shiga Tsafe. Ban biya gida ba.

Zainabu ta fito zaure da mayafinta, ta zauna a gefen tabarma. Na fara bayani ta ce in sa kawai. Mata suka amsa waƙa sau ɗaya, sau biyu, ta matso da kunnenta jikin rikoda, fuskarta na neman wani abu. Ta ɗago ta ce a hankali, "Yaya Nasiru, su da yawa ne. Wacce ce ita?"

Ban sani ba. Ban taɓa tunanin wannan tambayar ba. Kafin in buɗe baki muryar Alhaji ta fito daga cikin kaset: "Ga ta nan. Wagga da ta hau sama, Lami ce. Allah ya jiƙan ki, Lami."

Ta ce in mayar baya. Na mayar. Daga nan ba ta ƙara buƙatar kowa ya nuna mata ba, duk inda amshi ya zo sai ta ɗaga yatsa. Na bar mata rikodar da sauran batura na tashi.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Sani da 'yan bencinsa, da Mista Bitrus, da Alhaji Maiwada da bai iya yin shiru ba. Har na kai kwanar gidanmu ina jiyo ƙwaryar nan tana sake farawa daga zauren.