Tsawar da Ta Tsallake Kawu Melitón

Kawu Melitón yayan mahaifiyata ne, kuma duk garinmu babu wanda ya san Dutsen Sarki kamarsa. Garin namu a gindin dutsen yake, gabas da inda tafkin Texcoco ya taɓa kasancewa. A can sama akwai kwarmin wanka da aka fafe cikin dutse, da kujera, da matakala, da sawun wata tsohuwar magudanar ruwa. Kakanninmu sun ce sarkin da ya mulki ƙasar tafki kafin Sifaniyawa su shigo Meksiko shi ya sa aka fafe su. In damina ta makara, nan yake hawa ya yi azumi ya roƙi masu ruwa, wato ƙananan mutanen nan da ke zaune cikin idon ruwa, masu riƙe da hadari da ƙanƙara. In Kawu yana ba da labarin sarkin, sai ka rantse jiya suka rabu. Ya san gefen da yake jingina, ya san inda yake ajiye takalmi.

Tun da ya yi aure yake bin Don Apolinar, mai kiran ruwan garinmu. Shekara talatin da ɗaya, duk ranar uku ga watan Mayu shi ke ɗaukar kwandon sadaka zuwa sama: naman talo-talo, dafaffen ƙullun masara cikin ganye, furanni, turaren kopal, da 'yan mitsi-mitsin kwanonin ƙasa daidai bakin masu ruwa. Shi ke kwashe ciyawa daga kwarmin wanka. Addu'o'in nan na harshen kakanni duk sun zauna a kansa, har in tsufa ya sa Don Apolinar ya yi tuntuɓe, Kawu ne ke raɗa masa abin da ke gaba.

Sai dai aikin mai kiran ruwa ba a gadonsa, ba a kuma koyonsa. Sai wanda tsawa ta faɗa wa ya tashi da rai. Haka masu ruwa suke nuna nasu. Da Don Apolinar ya rasu, Kawu ya riƙe hawan dutse shekara biyu, mutane na binsa suna cewa, “To, kafin a samu na gaske.” Yana jin su, yana haɗiyewa.

A damina ta uku, wata Laraba da la'asar, mahaifiyata Remigia ta fito kwashe shanya daga kan waya. Ina cikin ɗaki na ga haske fari fat, sannan ƙara. Muka same ta kwance, takalminta ɗaya a kan rufin akurkin kaji, wani jan zane kamar reshen itace ya bi ta daga kafaɗa har ƙugu. Kwana uku ba ta san inda kanta yake ba. Da ta farfaɗo, ta ce ta je wani gari ƙarƙashin ruwa, 'yan ƙananan mutane sun ba ta abinci ta ƙi ci, shi ya sa suka bar ta ta dawo. Tsofaffin masu kiran ruwa na garuruwan makwabta suka zo, suka duba zanen, suka ce magana ta ƙare.

Inna kuwa mai sayar da wainar masara ce a bakin kasuwa. Sau biyu ta taɓa hawa dutsen a rayuwarta, kuma duka biyun mitar gwiwa ta yi har aka sauko.

Kawu ya zo dubiya da lemo a leda. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya ƙi zama.

“Sannu, Remigia. Ashe ke ce.”

“Yaya, ni fa ban nema ba.”

“Ai na sani. Da kin nema da ba a ba ki ba.” Ya dire lemon. “Shekara talatin ina share musu gida. Ke kuma ɗan kamfai kika fito kwashewa.”

Dole shi zai koya mata, don babu wani. Watanni suka yi a tsakar gidanmu, yana faɗa tana maimaitawa, tana juya waina a kan tanda. In ta karya kalma sai ya dafe kai.

“Ba haka ba! Yanzu fa cewa kika yi su kawo mana kwaɗi.”

“To ai da ruwa kwaɗi ke zuwa, Yaya.”

“Allah ya sawwaƙe. Sarki da kansa sai ya yi azumi kafin ya buɗe baki a wurin nan, ke kuma da mai a hannu.”

Mayu ta zo, muka hau. Akwai wata tsaga a bayan kujerar sarki inda ake cusa sadaka, wadda daga mai kiran ruwa sai mai ɗaukar kwando suka san ta, don sauran jama'a a ƙasan matakala suke tsayawa. Kawu bai nuna mata ita ba. Ya kai ta wani rami can gefe, ya ce nan ne. Ta durƙusa ta jera kwanoni, ta yi addu'arta da 'yan kurakuranta, muka sauko.

Daminar da aka yi a shekarar, tsofaffi sun ce rabonsu da irinta tun suna yara. Masara ta yi goyo bibbiyu, wake ya rufe ƙasa, ƙanƙara ko ƙwaya ba ta faɗo ba. Mutane suka riƙa kawo wa Inna kabewa da kaji, suna kiranta Doña Remigia don girmamawa. Gonar Kawu ma ta yi kyau, amma shi sai ramewa yake.

A wannan daminar ne ya fara fita neman tsawa. Da hadari ya haɗo da yamma, sai ya ɗaure jakinsa a gindin itacen da ke bakin gona, ya shiga tsakiyar fili ya ɗaga adda sama, ruwa na dukansa. Mata na leƙensa ta taga. Wata rana cikin Agusta tsawa ta faɗo, ta tsaga itacen biyu, ta jefar da jakin. Jakin ya tashi yana tangaɗi, kunne ɗaya a ƙone, ya ci gaba da cin ciyawa.

Washegari a rumfar masu shan pulke, giyar gargajiyarmu, Don Zenón mahauci ya cire hula da ya hango Kawu tafe a kan jakin.

“Barka da zuwa, ranka ya daɗe.”

Kawu ya ce, “Yau kuma ni?”

“Wa ya ce kai? Da sabon mai kiran ruwa nake. Melitón, sauko mana, ba a hawan manya!”

Aka bushe da dariya. Kawu bai ƙara taka rumfar ba, jakin kuma ya sayar da shi a wani gari mai nisa.

Ranar cin sabuwar masara aka taru a gidanmu. Ana ta yabon Inna, Kawu na gefe yana juya cokali cikin miya. Can sai ya miƙe.

“Ramin ɓera na nuna mata! Ku ji da kyau. Sadakarku ɓeraye suka cinye!”

Inna ta goge hannu da zane.

“Na sani, Yaya. Ai na ga kashinsu.”

“Kin sani kika ajiye?”

“A mafarki sun ce in ajiye duk inda yayana ya nuna.”

Muryar Kawu ta yi ƙasa.

“Sun ambace ni? Da suna?”

“Cewa suka yi dogon nan mai yawan gyara.”

Ya koma ya zauna. Na ga bakinsa yana so ya yi murmushi, sai kuma ya murtuke. “Sun san ni ke nan. Sun san ni, suka tsallake ni.” Ranar bai ci komai ba.

Bayan shekara shida ma'aikatan gwamnati masu kula da kayan tarihi suka zo suka kewaye saman dutsen da waya, suka sa ƙofa. Suna neman wanda ya san wurin, Kawu ya bi da su kwana biyu, ya nuna musu matakala goma sha ɗaya da ba sa cikin takardarsu. Suka ba shi hula mai tambari da mabuɗi. Tun daga nan yake zama a bakin ƙofar, yana ba baƙi labarin sarki, kuma bai taɓa gaya wa baƙo cewa mai kiran ruwan garin ƙanwarsa ce ba.

Yanzu shekararsa saba'in da tara. Bana ma da muka hau, Inna a gaba da sandarta, mun tarar da ƙofar a kulle, shi kuma yana zaune a ciki yana karin kumallo a tsanake.

“Yaya, buɗe mana, rana na yi.”

“Wace ce?”

“Kai dai ka ji kunya. Remigia ce.”

Ya buɗe wani babban littafi, ya lashi yatsa. “Suna da garin da aka fito. Doka ce.”

Inna ta karɓi alƙalami ta cikin waya ta rubuta. Ya duba, ya ce rubutun bai fita ba, ta sake. Sai da ya gama shan kokonsa, ya ɗauraye kofin, sannan ya laluba aljihu ya fito da mabuɗin.