Ƙyallen da Inna Hajo Ta Bari a Ƙarƙashin Allura

Ranar Talata da hantsi ina tsaye a ƙofar gidanmu a unguwar Nasarawa cikin Birnin Kebbi, ina jayayya da wani mai keke napep. Ya sauke ƙaton kwali ya ce nawa ne, ni kuwa na ce ya yi ɓatan kai, wannan kayan Argungu za a kai shi, gidan Inna Hajo mai ɗinkin bargo. Ya miƙo mini takardar da mai shago ya ba shi. Sunana ne a jiki, Rahila, da kwatancen gidanmu har da bishiyar dogon yaron da ke bakin ƙofa. Muna cikin haka wayata ta yi ƙara. Nafisa ce, jikar Inna. Ko gaisuwa ba ta yi ba, ta ce, "Anti Rahila, Inna ta rasu." Na tambaye ta me ya same ta, ta ce babu komai. Ta karya kumallo, ta zauna a tabarma da carbinta, ta jingina da bango, shi ke nan. Na dubi kwalin da ke gabana, na san abin da ke ciki. Keken ɗinki ne da muka zaɓo tare mako biyu da suka wuce.

Kafin in isa Argungu har an kai ta. Na tarar da mata cike da tsakar gida, tsohon kekenta na ƙafa yana rumfa inda yake tun da na san ta, an lulluɓe shi da zane.

Ni 'yar Filato ce, aikin gwamnati ya kawo mahaifina Birnin Kebbi, a nan na girma. Shekara goma sha huɗu ke nan da aka tura maigidana koyarwa Argungu, kuma a watanmu na farko ɗan kabu-kabu ya kayar da ni, gwiwata ta dama ta lalace. Ina zaune a gida ina ƙunci wata maƙwabciya ta kai ni wurin Inna. Ta dube ni sama da ƙasa, ta tambayi garinmu, da na faɗa sai ta yi dariya. Ta ce ai wata matar malami daga can ce ta koya mata haɗa ƙyallaye tun tana amarya, don haka sana'a ce ta dawo gida. Daga ranar ba ta ƙara kirana da komai ba sai ɗiyata. Ranar Lahadi ita ke korata, ta ce in tafi majami'a kar in makara, ƙyalle ba ya gudu.

Wanda bai san aikin ba zai ɗauka faci ne kawai. Ana yanka ƙyallaye daidai wa daida, a haɗa su su zama fuska guda, a shimfiɗa auduga a tsakiya, a sa yadi a baya, sannan a bi duka ukun da ɗinki har su zama abu ɗaya. Inna ba ta yarda da sauri ba. In layi ya karkace ba ta faɗa, ba ta zagi. Tsaki ɗaya take yi daga bayanka, ɗan gajere, kai da kanka za ka ɗauki reza ka warware. Na sha wannan tsakin har na riƙa jin sa cikin barci.

Akwai bargon da ya sa aka san ta tun daga Gulma har Augie. In mutum ya rasu, aka gama rabon gado, akan sami tufafin da suka tsufa, ba su kai a ba wani ba, iyali kuma ba sa iya zubarwa. Su ake kawo mata ta haɗa wa marayu ko matar mamaci. Kafin ta sa almakashi sai ta lalube kowane aljihu, ta mayar wa masu shi abin da ta samu, ko da busasshen goro ne. Takan ce, "Tufa ba ta mutuwa, ɗiyata, mai ita ka mutuwa." Kuma tana da doka guda da ba ta taɓa karyawa ba: ba a sa tufar mai rai a bargon mamaci. Wata bazawara ta taɓa roƙonta ta haɗa ɗankwalinta da rigunan mijinta, Inna ta mayar mata da shi a ninke, ta ce ta jira lokacinta.

A nan ne ni da ita muka rabu. Na koyi komai a hannunta, amma wannan na ƙi. Sau ɗaya na gwada. Ta ba ni rigar wani tsohon masunci in warware, na ɗauka, wallahi da ɗuminta na ji ta, kamar yanzu aka tuɓe. Na yar da ita na fita waje. Inna ta ce zafin kwanon rumfa ne, kuma wataƙila gaskiyarta ne, amma ban sake taɓawa ba. Ta yi ta yi mini tsiya, wai matsoraciya ce ni, ina tsoron riga ba na tsoron kabu-kabun da ya karya ni. Ba ta matsa mini ba. Ko bayan mun dawo Birnin Kebbi na buɗe shagona, bargon jarirai da na amare kawai nake yi.

Ita ma tana da tufafin da ta kasa taɓawa. Ɗanta guda, Garba, masunci ne. Wata shekarar ambaliya ya shiga gulbi da jirginsa, aka tsinci jirgin, shi ba a gan shi ba har yau. Lokacin matarsa tana da cikin Nafisa. Daga baya matar ta yi aure a Gulma, Inna ta riƙe yarinyar. Kayansa suna cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadonta shekara goma sha tara. Na taɓa tambayarta me ya hana ta yi wa Nafisa bargo da su, ita da take yi wa 'ya'yan wasu. Ta ce, "Ban ga gawatai ba, ba ni yanka rigatai."

Shi ya sa na yi mamaki da ta kira ni a watan jiya. Ta ce Nafisa ta samu karatu a Jos, ƙarshen wata za ta tafi, kuma ta ji an ce sanyin garinmu ba ya wasa. Yarinyar da ba ta san fuskar ubanta ba, ba ta da kabarin da za ta ziyarta, ba za ta bar gida hannu rabbana ba. Ta buɗe akwatin, ta yanka. Amma kayan masunci ne, saƙi mai kauri da wanduna masu tauri, in an haɗa da auduga da yadin baya tsohon kekenta ba ya iya hawa. Allura huɗu ta karya a wuni ɗaya. Ta sayar da shinkafar da ta noma, ta ce in raka ta mu zaɓo babban keke na wuta.

Mun shiga wani shago a cikin kasuwar Birnin Kebbi bayan azahar. Mai shagon ya ga tsohuwa da mayafi, ya ɗauka zai yi mata daɗin baki. Ya jawo wani fari mai ƙyalli, ya ce yana ɗinki kala-kala, yana zana fure, yana rubuta suna. Inna ta ɗaga shi da hannu ɗaya ta ajiye. Ta ce abin da tsohuwa za ta ɗaga da hannu ɗaya, bargo zai ja shi ya faɗo daga tebur. Ta ce bargo ɗinki ɗaya yake so, miƙaƙƙe. Ta bi sauran ɗaya bayan ɗaya tana zura hannu tsakanin allura da jikin keken, har gwiwar hannu, don ta ga ko naɗaɗɗen bargo zai wuce ba tare da an yi kokawa da shi ba. Ta tambayi wanda ƙafarsa ke jan yadin sama da na ƙasa tare, don kar auduga ta zame. Ta tambayi inda ake samun allurarsa da mai gyaransa in ya ƙi. Mai shagon ya daina murmushi, ya kawo mata kujera.

Biyu suka rage, dukansu masu jikin ƙarfe. Ta sa aka tayar da janareta, ta ciro wani ƙyalle daga jakarta, ninki uku da auduga a tsakiya, ta kwantar da kunnenta a jikin keken, ta rufe ido. Ta ce da kunne ake sayen keke, ba da ido ba. Na farko ya haye kaurin ba gardama, muryarsa ba ta canja ba. Na ga fuskarta ta saki, na ce to an gama. Sai ta tashi ta koma na biyu, wanda ke da maɓalli a gaba, ana tayar da shi da yatsa ba sai an taka ba. Inna da ta yi shekara arba'in tana taka keke, wadda ke cewa ƙafa ce ke gaya wa allura gaskiya, ta tsaya a kan wannan.

"Zamna ki taɓa," ta ce da ni.

Na ce ai ke za ki yi aiki da shi, Inna. Ta ce in zauna dai. Na zauna, na danna, ya tafi sumul. Ta tsaya a bayana tana duban kafaɗuna da yadda na miƙe ƙafar da ke ciwo. Ta tambaye ni ko gwiwar ta motsa, na ce ko kaɗan. Ta ce wa mai shago wannan za a ba ta. Faffaɗan teburinsa bai iso daga Kano ba, aka yi da shi in ya zo zai aika gaba ɗaya. Ta aike ni sayo ruwa, ashe a lokacin ta ba shi kwatancen gidana. Na dawo na ji tana ce masa ƙyallen nan kar a cire, a bar shi yadda yake a ƙarƙashin allura.

Kwana uku na yi a Argungu ana karɓar gaisuwa. Ranar da zan dawo Nafisa ta jawo akwatin ƙarfen ta ce Inna ta ce in wani abu ya faru a ba ni. Na ce mata ta san ba na wannan aikin. Ta dai sa aka ɗora mini shi a mota.

Da na isa gida na buɗe kwalin. Ƙyallen yana nan, allura a soke cikinsa. A shago hankalina yana kan keke, ban dube shi ba. Yanzu na duba. Rabinsa shuɗin saƙi ne na Garba. Ɗaya rabin koriyar atamfa ce mai zanen ganye, zanen da Inna ta fi ɗaurawa, wanda na sani kamar tafin hannuna. Na buɗe akwatin. Kayan Garba a yanke, a jere, layi bisa layi. A ƙarƙashinsu ga koren zanen nan an yanka shi dogo-dogo, daidai awon bakin bargo. Na kira Nafisa na tambaye ta yaushe Inna ta yanka zanenta. Ta ce tun kafin su zo sayen keke, ranar kuwa lafiyarta ƙalau, har daka ta yi.

Ba a sa tufar mai rai a bargon mamaci. Ita ta koya mini. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi a Argungu ba. Ban san abin da ta ji a jikinta ba, ba ta gaya wa kowa ba. Na dai san ta auna aikin, ta ga ba ita za ta gama shi ba, ta je ta zaɓi keken da gurguwar gwiwata za ta iya.

Kwana biyu ina zagaya akwatin ina tsoro. Tafiyar Nafisa saura kwana tara. A rana ta uku aka kawo wuta da la'asar, na yi addu'a, na lalube abin da ya rage na aljihu kamar yadda take yi, na fara. Ƙyallayen da ɗuminsu, kuma ɗakina ba rufin kwano ne tsirara ba. Ban tsaya ba. Ina cikin layi na shida, ni kaɗai a gidan, na ji tsaki a bayana, ɗan gajere. Ban waiwaya ba. Na ɗaga yatsa daga maɓalli na duba, layin ya karkace. Mai yiwuwa ƙarar keken ce da ya hau kauri, ban rantse ba. Na ɗauki reza na warware.

Na gama ana gobe tafiya. Nafisa ta biyo ta gidana da jakunkunanta, na shimfiɗa mata shi a gado. Ta shafa koren bakin, ta ce wannan ƙamshin Inna ne. Sannan ta tattaro tsakiyar, inda shuɗin saƙi yake, ta binne fuskarta ciki. Shekara goma sha tara a rufe, amma hayaƙin bandar kifi da warin gulbi ba su fita ba. Ta daɗe a haka. Da ta ɗago sai ta ce, "Anti, ashe haka Babana yake."

Allah ya jiƙan Inna Hajo, ya gafarta mata, ya yalwata makwancinta kamar yadda ta rufa wa marayun mutane asiri. Garba kuma, duk inda ruwa ya ajiye shi, Allah ya san wurin, ya kai masa rahama can. Allah ya raya Nafisa, ya tsare ta a garin da ba ta da kowa, ya ba mahaifiyarta da dangi na Argungu da Gulma haƙuri. Mu da muka rage, Allah ya sa mu gama abin da aka bar mana kafin namu lokacin ya zo. Jiya wata mata ta yi sallama a shagona da ƙullin rigunan mijinta, ta ce a Argungu aka yi mata kwatance. Na karɓa.