Farantan Baba a Bangon Bawku

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar mahaifinmu, Malam Garba mai goro na zangon Salaga, kuma zan fara da abin da aka yi mini, don ban iya kwana-kwana ba. Yayana Inuwa ya kwashe tangaran ɗin Baba da sunan ajiya, ya kai Bawku, ya sa magini ya dasa su a bangon zaurensa da siminti. Har da farantin da Baba ya ce nawa ne a gaban mutane.

Wani zai ce, a kan faranti ake wannan surutu? To bai san Baba ba. Ba a kan kwanon jeren amare nake magana ba. Tangaran ne na ƙasar Italiya, zanen hannu. Na farko a kantin wani Kwara, Balarabe ɗan kasuwa, ya gan shi a Kumasi, ya je sarin goro, ya tsaya kamar an kafe shi. Daga nan duk tafiya sai ya dawo da ɗaya, a naɗe cikin ganye a tsakiyar huhun goro don kada girgizar lori ta fasa. Akwai mai tsuntsaye shuɗaye, akwai butar shayi mai kusurwa-kusurwa, baƙa da layin ruwan zinariya. Ba a taɓa cin tuwo a cikinsu ba. Ranar Juma'a, in ya dawo daga masallaci, yakan goge su da tsohon rawaninsa. Inna ta ce, "Malam, da akuya ka saya da yanzu ta haihu." Ya ce, "Akuya kowa na da ita."

Nawa shi ne mai lemo rawaya da shuɗin baki. Shekarar da na bar makaranta a Yendi, kowa na ce mini ɗan asara, Baba ya miƙo mini shi ya ce, "Kai kaɗai kake ɗauka da hannu biyu. Naka ne." Ban taɓa samun wata shaida a duniya ba sai wannan.

Da ya rasu ina yaron mota, ba ni da ɗakin kaina. Inuwa ya ce, "Bari in adana maka har ka zauna." Na zauna, na yi aure, na aika a karɓo mini. Yau ya ce sai damina ta wuce, gobe ya ce hanya ba kyau. Bana na je Bawku sadakar Baba, na shiga sabon zauren, na ɗaga kai. Ga su nan a jere kamar idanun kifi. Butar shayin an karye mata baki da hannu don ta kwanta daidai da bango. Baƙi suna ta "Masha Allahu, Alhaji," shi kuwa yana cewa haka manyan gidaje suke yi, ya raya sunan Baba. Na nemi maginin, ya ce in ba guduma ba, babu mai fito da su.

Nakan tambayi kaina, da Baba zai leƙo yau me zai ce? Kasuwa ta cika da roba, abu ya fashe a jefar a sayi wani. Ba na jin zai yi faɗa, shi ba mai faɗa ba ne. Ni ne mai faɗan. Abin da na gada a wurinsa bai wuce wannan ba: har yau ba na iya ganin kyakkyawan abu a hannun wanda bai san shi ba in yi shiru.

Da aka watse Inuwa ya dafa ni ya ce, "Haba Sani, gidan nan ai naka ne. Duk sanda ka so, ka zo ka kalla."

Na ce, "Yaya, izinin kallon kayana kake ba ni? To ka tara 'ya'yanka ka gaya musu tun kana da rai. Ranar da za a raba gidan nan, bangon gabas, daidai faɗin farantin can, ba ya cikin gado. Ban sayar ba, ban bayar ba, ban kuma yafe ba."