Albasa Uku a Gindin Kwano

Ni ko ƙofar aji ban taɓa leƙawa ba, amma ni na tsara wa matan ƙauyenmu hanyar da magana za ta zagaye gari ba tare da maza sun ji ƙamshinta ba.

A ƙauyenmu, can wajen Andarai, injin niƙa guda ne, kuma na ƙanen mai unguwa ne. Ki kai dawa kwarya cike, ki dawo da garin da ko kaza ta gani sai ta yi miki jaje. In kin yi magana ya ce injin ne ke ci. To, injin na ci, teɓa na fitowa ga mai shi.

Munka yanke shawarar haɗa hatsinmu rana guda, mu ɗauki mai keke mai ƙafa uku na garinmu ya kai mu Maiyama a niƙa. Matan zamani sunka ce a buɗe guruf a waya, anka buɗe. Ba a kwana biyu ba sai ga muryoyinmu na tashi a majalisar maza, har da tarin da na yi tsakiyar magana. Ashe mai riƙe da guruf ɗin, mijinta ke kai mata waya caji. Mai unguwa ya sa anka ruhe guruf ɗin, mai injin kuma ya ja mai keke gefe: duk ranar da mata sunka sa, ya yi sammako ya tahi Jega.

Na kira maƙwabciyata ta kan katanga, na ce, “Ɗiyata, abin da ke da kai guda, sara guda ya ishe shi. Wanga karon ba shugaba, ba taro.”

Ga yadda na tsara. Mu nan ba a mayar da kwanon maƙwabta wofi, ko yaji ne sai an ɗan sa. To, a sa albasa. Yawanta shi ne kwanakin da za a ƙirga bayan Juma'a. Kowace mace gida biyu ke aiko mata, ita ma gida biyu take aika wa, ba ta san na gaba ba. In an tsare ta da tambaya, me ta sani? Wane namiji zai tsaya binciken albasa a ƙasar da ko akuya ta gaji da ita?

Zagayen farko wata amarya ta yanka saƙon ta zuba a miya kahin ta duba. Ba a yi asara ba, kwano na biyu ya iso mata da rana. Amma ranar da munka sa, munka hito da buhuna, mai keke tuni ya kai Jega.

Na zargi kowa. Na zargi amarya, na zargi kurmar bayan masallaci. Maƙwabciyata ta bari na gama, sannan ta ce, “Inna, ke wa kika gaya wa?”

“Ni? Ba kowa. Sai Malam, shi ma don ya san irin matar da ya aura.”

Ta ce, “Allah ya ƙara basira, Inna,” ta sauka daga katanga.

Mako ya zagayo, kwanoni biyu sunka shigo mini, kowane da albasa uku. Litinin ke nan. Na rantse bakina alaikum. Na dai ce wa Malam kada ya sa rai da tuwon rana ranar Litinin, wannan ai ba tona asiri ba ne.

Lahadi da hantsi ina shara, sai ga keke a ƙofar gida, buhuna har sama, mata uku a matse ciki. Maƙwabciyata ta leƙo. “Inna, ɗauko dawarki, hau!”

“Yau Lahadi hwa!”

“Kowa biyu ta samu. Ke kaɗai munka ƙara wa ɗaya.”

Na hau ina huci har munka isa Maiyama. Sai da na ga garina ya cika kwarya har yana zuba, na ce, “Wa ya koya muku wanga munahuncin?”

Sunka haɗa baki, “Ke, Inna!”

Ranar Litinin mai keke ya yini a Jega shi kaɗai, da man da mai injin ya saya masa. Malam kuwa wata guda mai injin bai amsa sallamarsa ba, wai tsoho da shi yana yawo da labarin ƙarya.